Laifi, Shari'a da Hukunci a Arewacin Nijeriya Zamanin Turawa: Takardun Kotu a Binciken Asalin Iyali

Takardun kotu na zamanin mulkin mallaka, daga 1900 zuwa 1960, suna cikin 'yan wuraren da ake samun sunan talakan Arewacin Nijeriya a rubuce. Rajistar haihuwa da mutuwa ba ta game ƙasa ba a lokacin, haraji kuma jimillarsa ce ta fi isa ofis, ba sunayen masu biya ba. Amma wanda aka kai gaban alƙali kan sata, rauni, bashi, gado ko 'yanci daga bauta, sau da yawa an rubuta sunansa da na ubansa da garinsu, wani lokaci har da sana'arsa da shaidunsa. Wahalar mai binciken asali ita ce kotunan ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace da harshenta da inda takardunta suka ƙare. Kafin a buɗe fayil ko ɗaya, sai an san wace kotu ce ke da iko a kan mutumin a shekarar da abin ya faru.

Kotunan Turawa da kotunan En'e

An kafa mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900 a Lakwaja, ƙarƙashin Lugga. Hedkwata ta koma Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917. An ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris ɗin shekarar. Turawa ba su rushe kotunan alƙalai da suka tarar ba. Dokar kotunan gargajiya ta 1900, wadda aka sabunta a 1906, ta bar su suna aiki da fiƙihun Malikiyya, da sharaɗin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, shi ne ke ba kowace kotu takardar izini, kuma yana da ikon duba hukuncinta, ya rage shi ko ya ɗauke shari'ar ya mayar gabansa.

A gefe guda akwai kotunan Turawa: Kotun Ƙoli, kotun lardi da Razdan da mataimakansa ke zama, da kotunan bariki a wurare irin su Lakwaja da Zungeru. Waɗannan da kundin laifuffuka na 1904 suke aiki, wanda aka faɗaɗa ga dukan Nijeriya a 1916. Lauya ba ya shiga kotun lardi, ba ya shiga ta alƙali.

Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 an raba kotunan En'e, wato na hukumar gargajiya, daraja huɗu, A zuwa D. Ta A, wato majalisar babban sarki da wasu manyan alƙalai, tana iya yanke hukuncin kisa, sai dai ba a zartarwa sai Gwamna ya tabbatar. Ta C ba ta wuce ɗaurin wata shida, ta D wata uku. Wannan rabo shi ne mabuɗin bincike: tsawon ɗaurin da iyali ke tunawa yana nuna matakin kotun. Idan an ce kaka ya yi shekara biyar a gidan yari, ba alƙalin gunduma ne ya ɗaure shi ba, sai a nemi shari'ar a birni.

A 1933 Gwamna Donald Cameron ya soke kotunan lardi, ya kawo Babbar Kotu da kotunan majistare, aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. A 1947 wannan kotu ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, bisa hujjar cewa kundin Turawa yana sassauta wa wanda aka tunzura, ko da fiƙihu ya ɗauki kisan a matsayin na ganganci. Takaddamar da ta biyo baya ita ce ta kai ga sabon kundin laifuffuka na Arewa, wanda aka tsara bisa na Sudan, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Kotunan sarakuna kansu an soke su a 1967.

Bariki da Sabon Gari

Mazaunan sabbin garuruwan da suka taso da layin dogo sun fi kowa rikitar da mai bincike. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya kafu bayan haka kaɗan, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta sa irin waɗannan wurare a Kano da Zariya da Kaduna ƙarƙashin Joji, wato majistaren bariki Bature, ba ƙarƙashin sarki ba. Akawu ko ma'aikacin reluwe daga Kudu ko Saliyo ko Gwalkwas (Ghana ta yau), gaban Joji ake kai shi, da Turanci ake rubuta shari'arsa. Bahaushen Fagge, da ke 'yan taku kaɗan daga nan, gaban alƙali yake zuwa. Sabon Garin Kano ya koma hannun En'e a 1940, inda kotun gauraye mai wakilan ƙabilu ke sauraron ƙararrakin mazauna. Saboda haka gida ɗaya na iya samun shari'ar 1930 a fayilolin bariki, ta 1945 kuma a rajistar En'e. Soja da ɗan sandan gwamnati su ma ba a hannun alƙali suke ba a harkar aikinsu.

Laifuffuka da hukunci

Turawa sun hana yanke hannu da duk horon da suka kira na rashin imani, ɗauri ya maye gurbinsu. Wannan ya sa gidan yarin En'e, ƙarƙashin Yari da dogarai, ya cika da ɓarayin shanu da na tufafi waɗanda a da wani hukuncin za a yi musu. Fursunoni na aikin hanya, share kasuwa, ɗiban ruwa da kwasar bahaya, sau da yawa da mari a ƙafa. Kisa ya ci gaba, a shekarun farko da takobin hauni, daga baya da rataya.

A shari'ar kisan kai, dangin mamaci ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa. Idan babu shaidu biyu adalai amma akwai alama mai ƙarfi, kamar furucin mamaci kafin ya cika, sai a koma ga rantsuwar ƙasama, rantsuwa 50 da mazan danginsa ke yi. Ga mai neman asali babu takarda mai daraja kamar wannan, domin dole kotu ta tantance su wane ne magada na jini da yadda kowa ya haɗu da mamacin.

Bulala iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Ta haddi, kan shan giya ko ƙazafi ko zina, kunyatarwa ce fiye da azaba: mai dukan yakan riƙe kuɗin wuri a hammata don kada ya ɗaga hannu sama. Ɗayar ita ce bulalar horo da ake haɗawa da ɗauri, wadda ta jawo ƙorafi har majalisar dokokin Ingila, aka riƙa taƙaita ta. Ganin bulala 80 a rajista ba ya nufin an yi wa mutum jina-jina, yana nuna haddi ne.

Akwai laifuffukan da mulkin ne ya haife su. Cinikin bayi ya zama laifi da sanarwar 1901, wadda ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, ko da yake bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936. Tsakanin waɗannan shekaru dubban mutane sun bi ta kotun alƙali don fansar kai ko murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, aka ba su takardar 'yanci mai ɗauke da sunan bawa da na ubangijinsa da kuɗin da aka biya, wani lokaci da ƙabilarsa ta asali. Sauran sun haɗa da ɓoye shanu lokacin jangali, cin kuɗin haraji (laifin da ya fi cin dagatai da hakimai), gudu daga aikin tilas, musamman ɗiban gwamna na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da wa'azin Mahadiyanci bayan tawayen Satiru na 1906. Daga 1950, da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU, ɗaurin 'yan siyasa kan taro ba izini ko zagin sarauta ya yawaita a kotunan alƙalai. Sarakunan da aka tuɓe kuwa kora ake yi musu ba tare da shari'a irin ta talaka ba: Sarkin Kano Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, kuma iyalai da barorin da suka bi irin waɗannan sarakuna sun bar zuriya a can.

Inda takardun suke

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna shi ne babbar ma'ajiya. Fayilolin sakatariyar Arewa suna ƙarƙashin lambar SNP, na larduna kuma ƙarƙashin sunayensu: KANPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, da sauransu. Shari'ar kisa ta fi saurin samuwa, domin tilas a fassara ta a aika sama don tabbatarwa, tare da ra'ayin Razdan. Ƙananan shari'u kuwa layi ɗaya suke samu a jadawalin da kotu ke miƙa wa Di'o, Baturen da ke ƙarƙashin Razdan: suna, laifi, hukunci. Rahoton shekara na lardi alƙaluma yake bayarwa, ba sunaye ba, sai shari'ar da ta yi tashe.

Rajistar alƙalai ta asali da Larabci take, daga baya ajami da boko suka shigo. Yawancinta ba ta je Kaduna ba. Wasu littattafan na fada, wasu a hukumomin tarihi na jihohi irin ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, wasu a Gidan Arewa na Kaduna, wasu a hannun zuriyar alƙalai, da yawa kuma gara da ruwa sun cinye. Rajistar majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas ta 1913 zuwa 1914 ta tsira, kuma tana nuna yadda ƙarar sata da ta gona suka kasance a shekarar yunwar Kakalaba. A Ingila, ma'ajiyar Kew tana riƙe da wasiƙun Arewa a jerin CO 446 har zuwa haɗewa, sannan CO 583, amma abin da ya kai Landan kawai ke ciki. Daga 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa kawo labarin wasu shari'u.

Iyalan da ke tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram tsarinsu dabam ne. A ƙasashen da Faransa ta mallaka kwamandan da'ira na iya tsare mutum 'yan kwanaki ko cin tararsa ba tare da kotu ba, har zuwa 1946 da aka soke wannan iko. Takardun suna Yamai da Dakar da Aix-en-Provence, da Faransanci.

Yadda ake bi da inda ake tuntuɓe

Ana farawa daga tsofaffin gida, a tattara sunan yanka da laƙabi da sunan uba da unguwa, da sunan hakimi ko alƙalin da ake tunawa. Shekara ba ta cika zuwa da lamba ba, sai da zamani, don haka ana auna ta da sarauta. A Kano, Abbas ya yi daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Rajistar Larabci da shekarar Hijira take. Don samun shekarar Miladiyya, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, sai 1330 ta ba da 1912. Lissafin na iya kaucewa da shekara ɗaya, shi ya sa ake duba wadda ke gaba da wadda ke baya.

Kuskure mafi yawa shi ne neman gari a lardin da yake a ƙarshen mulki. An sake iyakokin larduna a 1926. Katsina tana cikin lardin Kano kafin nan, ta koma na Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Jos tana cikin Bauchi kafin a kafa lardin Filato. Wanda ya nemi shari'ar Bakatsine ta 1920 a fayilolin Katsina kaɗai zai iya cewa babu, alhali tana cikin na Kano.

Na biyu rubutun suna ne. Baturen da ya ji suna daga bakin tafinta yakan rubuta Muhammadu da siga uku ko huɗu, Mamadu, Momodu, Mohamadu, ya rubuta Sarkin da Serikin, Haɗeja da Hadeija. Magatakardan Larabci kuma yakan mayar da Audu Abdullahi, Garba Abubakar, ya jefar da laƙabin da kowa ya san mutumin da shi. Mace sau da yawa ba a kiran sunanta, sai matar wane ko 'yar wane. Tunda Audu ɗan Garba na iya kai goma a gunduma ɗaya, suna kaɗai ba hujja ba ne. Ana son aƙalla abu uku su dace: sunan uba, ƙauye ko unguwa, da wani na uku kamar sana'a ko sunan shaidan da iyali suka sani.

Idan rajistar laifi ta ɓace, ta gado kan cike gurbi. Kotu na karɓar ushira, wato ɗaya bisa goma na dukiyar, a rabon gado, don haka tana lissafa dukiya da magada ɗaya bayan ɗaya, mata da 'ya'ya da rabon kowa. Lissafin na iya zuwa da kuɗin wuri a shekarun farko, daga baya da fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.

Abin da fayil ya ce an yi da abin da aka yi ba lallai su zama ɗaya ba. Maganar wanda ake tuhuma ta bi ta Hausa ko Fulatanci zuwa Larabcin muhuti, magatakardan kotu, sannan zuwa Turancin tafinta, kowane mataki yana taƙaita ta. Iƙirarin da aka samu a hannun dogarai abin a yi taka-tsantsan da shi ne, haka ma tuhumar cin haraji da ta faɗo daidai lokacin da ake son tuɓe dagaci. Hukuncin da ke rajistar alƙali kuma ba shi ne na ƙarshe ba sai an duba ko Razdan ya rage shi, ko Gwamna ya mayar da kisa ɗauri, abin da akan rubuta a gefen shafi ko a wata wasiƙa dabam a bayan fayil.