Ƙarar Ƙafar Gaba da Cinyewar Sitiyari a Tsohuwar Mota Mai Ja da Tayoyi Huɗu

Ƙafar gaba ta motar da ke ja da tayoyi huɗu tana yin aiki uku a lokaci guda: tana ɗauke da nauyin injin, tana juya motar, kuma tana karɓar ƙarfin da ke jan ta. Shi ya sa mahaɗanta suke da yawa, kuma idan mota ta kwana biyu, da wuya a sami guda ɗaya kacal da ya cinye. Ƙarfe yana kai ƙara nesa da inda ta taso, don haka kunne kaɗai bai isa shaida ba. Binciken kirki yana tsayawa ne kan abu biyu: a wane hali ƙarar ke fitowa, kuma wane mahaɗi ne ido ya ga yana wasa.

Ginin ƙafar iri biyu ne. Akwai aksil guda mai haɗe tayoyin biyu, kamar na Jeep Wrangler da Toyota Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. Akwai kuma wanda kowace taya ke da hannayenta, tana hawa da sauka ita kaɗai. Yawancin tsofaffin motocin nan akwatin sitiyari gare su, wanda ke tura tayoyi ta hanyar sanduna da mahaɗai da dama. Wasa kaɗan a kowane mahaɗi, in ya taru, sai direba ya ji sitiyari yana yawo a hannunsa.

Abin da ƙara ke nunawa

Ƙas-ƙas mai maimaituwa lokacin da aka karya sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali, alama ce ta mahaɗin da ke bakin taya a kan shaf, wato sandar da ke kai wa taya ƙarfin injin. Wannan mahaɗi ya samo asali daga ƙirar Alfred Rzeppa, injiniyan kamfanin Ford, a ƙarshen shekarun 1920, kuma irinsa da ake kira Birfield ne ke cikin Land Cruiser mai aksil guda. Abin da ke kashe shi galibi yagewar roba ce, giris ya fita, yashi ya shiga. A irin Birfield kuwa, in sil ɗin cikin aksil, wato robar da ke tare mai, ya mutu, man giya yakan gauraya da giris ya tsinka shi, a ga yana tsiyaya ta bayan taya. A motar da ake kulle hob ɗinta da hannu, wato makullin da ke tsakiyar taya mai haɗa ta da shaf, shaf na gaba ba ya juyawa in hob a buɗe yake kuma ba a sa ja da huɗu ba, saboda haka ƙarar da ta ci gaba a wannan hali ba daga shaf take ba.

Gurnani mai ƙaruwa da gudu na boris ne, ko na taya da ta ci ba daidai ba. In an karkata hagu ya ƙaru, yawanci boris na dama ne, domin can nauyi ya koma. Bugu a kan gargada shi ya fi ruɗarwa, tunda bushin, shokazoba, boljoyin (mahaɗi mai kan ƙwallo da taya ke juyawa a kansa) da noti mai sako-sako duk suna yin sa. Kukan da ke tashi sa'ad da ake juya sitiyari a tsaye, a fara duba man fawa, wato man da ke sauƙaƙa juya sitiyari, da bel.

Akwai kuma abin da ba lalacewa ba ne. Motar da ba ta da difarenshal a tsakiya, wato giyar da ke barin tayoyin gaba da na baya su juya da gudu daban, in aka sa mata ja da huɗu a kan busasshiyar kwalta, takan cije tana tsalle a kwana, don tayoyin gaba da na baya ba su da damar juyawa da gudu daban.

Gwaji

Gwajin da ya fi amfani ba ya buƙatar jak. Mota tana ƙasa da nauyinta, mutum ɗaya yana kaɗa sitiyari hagu da dama, ɗaya yana kallon kowane mahaɗi, ya ɗora hannu a kai. Duk inda ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo, nan ne. A duba har inda akwatin sitiyari ya zauna a kan shasi, domin wurin yakan tsage. A binciken lafiyar mota na Birtaniya, iyakar wasan sitiyari mai faɗin milimita 380 ita ce milimita 75 ga mai akwati, 13 ga mai rak, wato sanda mai haƙora da ke tura tayoyi a maimakon akwati.

Sannan a ɗaga motar a tokare ta da abin da ya fi jak aminci. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: in akwai wasa, boris ne ko boljoyin. A taka birki a sake. In wasan ya ɓace, boris ne. Girgizawa gefe da gefe kuwa tayarod take tonawa, wato sandar sitiyari da ke tura taya.

Rawar gaba

Mota mai aksil guda takan kama wata rawa mai tsanani bayan ta daki rami tana gudu, ba ta dainawa sai an rage gudu sosai. Wurin da ake fara zargi shi ne sandar Panhard, mai hana aksil zamewa gefe, musamman bushin da notinta, sai boljoyin, tayarod da balansin taya. Ƙara wa mota tsayi ko sa manyan tayoyi yana tsananta ta. Masu mota da yawa sukan sauya ɗan shokazoban sitiyari su ce an gama, alhali rufe matsalar kawai yake yi, mahaɗin na ci gaba da cinyewa. Haka ma ɗaure sukurun akwatin sitiyari: in aka wuce kima, sitiyari ya yi tauri, ya ƙi komawa tsakiya bayan kwana. Ana taɓa shi ne bayan an tabbatar sauran mahaɗai lafiya suke, kuma alaimen shi ne aikin ƙarshe, bayan an sauya duk abin da ya cinye.