Dokar baunar Yellowstone da baburan ƙanƙara

Yellowstone a Amurka yake, gandun daji ne da gwamnati ta killace tun 1872, kuma a can ne baunar Amurka ta tsira bayan an kusa ƙarar da ita da bindiga, don wajen 1902 waɗanda suka rage a dajin ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Yanzu dubbai ne. To da hunturu ƙanƙara tana rufe ciyawa, sai baunar ta gangaro ta fita iyakar gandun ta shiga jihar Montana neman abinci, nan rigimar take.

Dokar masu yawon buɗe ido tukuna. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris yawancin titunan ciki ba a bin su da mota, sai babur ɗin ƙanƙara ko motar ƙanƙara. An daɗe ana shari'a a kai, gwamnatin Clinton ta so hana baburan gaba ɗaya, ta Bush ta warware, sai 2013 aka samu matsaya. Ayari 110 kawai ake bari a rana, na babur kada su wuce 50, ayari ɗaya kada ya haura babur goma, yawanci dole da ɗan jagora mai lasisi, injin kuma ya zama mara hayaƙi da ƙara sosai. Ba a sauka daga titi. Bauna kuwa kada ka matsa mata ƙasa da yadi 25, don duk gudun da ka sa ta yi a wannan sanyin kitsen da za ta kai bazara da shi take ƙonawa. Akwai ma masanan da suka ce daddaɓe titin da ake yi wa baburan yana sauƙaƙa mata hanyar fita daga gandun, wasu sun musa.

Amma abin da ya fi damuna na bakin iyaka ne. Baunar tana ɗauke da bakkale, ciwon nan da makiyayanmu suka sani mai sa saniya ɓari, masu kiwon shanu a Montana kuma suna tsoron a hana su sayar da dabbobinsu. Shi ya sa a 2000 hukumomin tarayya da jihar suka sa hannu a kan tsari, aka tsayar da adadi wajen 3,000, wadda ta fita a kora ta ko a kama a kai mayanka ko mafarauta su harbe. A hunturun 1996 zuwa 1997, tun kafin tsarin ma, sama da dubu aka kashe.

Tsoron makiyayi gaskiya ne, ban raina shi ba wallahi. Sai dai lokutan da aka tabbatar ciwon ya shiga shanu a yankin daga wata irin barewa da suke kira elk ya fito, ita kuma tana yawonta ba mai tare ta, baunar ce ke biya.

A 2024 hukumar gandun ta fitar da sabon tsari, adadi tsakanin 3,500 zuwa 6,000, a rage kai wa mayanka, a ƙara killace masu lafiya ana gwada su sannan a miƙa wa ƙabilun asalin ƙasar kamar na yankin Fort Peck a Montana da suke karɓa tun 2019. Montana ba ta yarda ba, ta kai ƙara kotu.