Waiwaye: Majami'u da Masallatan Famagusta a Tsibirin Saifurus

Arzikin Famagusta, garin da ke gabar gabashin tsibirin Saifurus a Bahar Rum, ya samo asali ne daga faɗuwar birnin Akka da ke gabar ƙasar Sham a hannun Mamalik, Musulmin da ke mulkin Masar, a 1291, lokacin da attajiran Kirista suka yi ƙaura zuwa can da dukiyarsu, suka shiga gasar gina majami'u. Mafi girma a cikinsu ita ce majami'ar Sant Nikolas, wadda aka aza harsashinta a 1298 bisa fasalin majami'un Faransa, kuma a nan ake naɗa sarakunan gidan Lusinyan, masu mulkin tsibirin a lokacin, sarautar Kudus, ko da yake Kudus ɗin ta riga ta kuɓuce wa Kiristocin Turai.

Da Turkawan Daular Usmaniyya suka ƙwace garin daga mutanen Benis, wani birni na Italiya, a 1571, bayan kusan shekara guda suna yi masa ƙawanya, sai suka mayar da wannan majami'a masallaci, suka cire gumakanta, suka shafe bango da farar ƙasa, suka ɗora hasumiyar kiran salla a kan ɗaya daga cikin hasumiyoyin gabanta. Tun 1954 ake kiransa Masallacin Lala Mustafa Fasha, kuma har gobe ana salla a ciki, ga wani tsohon itacen ɓaure a ƙofarsa wanda ake cewa sa'an ginin ne. A ganina, ibadar da ba ta yanke ba ce ta tsirar da shi, domin maƙwabciyarsa, majami'ar Sant Joj ta Girkawa, wadda igwa ta farfasa sannan aka rasa mai kula da ita, kango ce a yau.

Rabuwar tsibirin tsakanin Girkawa da Turkawa mazauna cikinsa a 1974 ta ƙara dagula lamarin. Girkawa suka koma kudu, garin ya kasance a ɓangaren arewa wanda Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, abin da ya toshe hanyar tallafin waje. Ruhubanawan ƙarshe na gidan ibadar Sant Barnabas, da ke bayan gari, sun tashi a 1976, wurin ya zama gidan tarihi.

Sai a 2008 shugabannin ɓangarorin biyu suka kafa kwamitin haɗin gwiwa kan kayan tarihi, wanda da kuɗin Tarayyar Turai ya gyara majami'ar Armeniyawa da wasu maƙwabtanta a cikin ganuwa, kamar yadda yake gyara masallatan da Turkawa suka bari a kudu.