Bilirubin da Lafiyar Zuciya

Bilirubin sinadari ne mai launin rawaya da jiki ke samarwa idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa. Kowace ƙwaya takan yi wajen kwana 120 tana aiki kafin saifa ta farfasa ta. Daga ɓaraguzanta ake samun bilirubin, hanta ta karɓe shi ta zuba cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita. Shi ke ba bayan gida launinsa. A jikin baligi mai lafiya bai cika wuce miligiram 1.2 a kowace desilita ta jini ba. In ya doshi 3, sai farin ido ya koma ruwan ɗorawa, wato shawara.

An daɗe ana ɗaukarsa shara kawai. A 1987 Roland Stocker da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa yana hana iskar oksijin ɓata kitse, irin ɓacin da mai ke yi idan ya daɗe a buɗe. Nan ne maganar ta haɗu da zuciya. Toshewar jijiyar jini tana farawa ne lokacin da kolestarol, wani nau'in kitse da ke yawo a jini, ya kutsa bangonta ya lalace a ciki. Fararen ƙwayoyin jini su taru suna haɗiye shi, wurin ya kumbura, hanyar jini ta riƙa tsukewa shekara da shekaru. Kumburi ne da ido ba ya gani, sai awon jini da ake kira CRP, kuma an sha lura cewa masu bilirubin ɗan sama-sama CRP ɗinsu yakan yi ƙasa.

A 1994 Harvey Schwertner ya auna maza na rundunar sojan saman Amurka, ya tarar ciwon jijiyoyin zuciya ya fi yawa ga masu ƙarancin bilirubin. Sai hankali ya koma kan masu larurar Gilbert, wadda likitan Faransa Augustin Gilbert ya bayyana a 1901. Gado ce, ba ta cutarwa: hantarsu na jinkirin sarrafa bilirubin, don haka idonsu kan ɗan yi rawaya in sun yi azumi ko zazzaɓi. Wani binciken da aka yi kan mutanen garin Framingham na Amurka a 2006 ya nuna waɗanda suka gaji halin daga uwa da uba, haɗarin ciwon zuciyarsu kusan kashi ɗaya ne cikin uku na sauran.

To amma tafiya tare ba ta nuna wane ne ke jan wani ba. Masu shan taba da masu ƙiba bilirubin ɗinsu yakan yi ƙasa, kuma dama su ciwon zuciya ya fi kamawa. Wani babban bincike a Danmak a 2013 ya bi ta ƙwayoyin gado, bai ga shaidar cewa bilirubin da kansa ne ke ba da kariya ba. Shi ya sa likitoci ba sa ba da magani don a ɗaga shi.

Duk wannan magana ce ta ɗan ƙari a jikin mai lafiyar hanta. Shawarar da sikila, zazzaɓin cizon sauro ko ciwon hanta ke kawowa alamar cuta ce. Haka nan ga wanda zuciyarsa ta gaza harba jini: jinin kan taru ya cushe hanta, bilirubin ya hau, kuma hawan nasa na nuna ciwon ya yi nisa.