Zanen Zahiri na Zamani: Salonsa da Rayuwar Masu Yinsa

Zanen zahiri na zamani suna ne da ake bai wa aikin masu zanen fenti waɗanda, tun daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau, suka tsaya kan zana abin da ido ke gani: fuskar mutum da jikinsa, titin birni, ɗaki da kayan cikinsa, daji ko bakin teku. Ba ƙungiya ba ce mai shugaba da tsari, ba kuma salo ɗaya ba ne. Akwai mai lailaye fenti har sawun burushi ya ɓace, akwai mai dambara shi da kauri; wani ba ya zana komai sai abin yana gabansa, wani kuwa daga hoton kyamara yake aiki. Abin da ya haɗa su shi ne sun ƙi rabuwa da siffa a lokacin da masu faɗa a ji a duniyar fasaha suke ganin zamaninta ya shuɗe.

Asali

Tushen abin yana Faransa. A 1855, da alƙalan baje kolin duniya na Paris suka ƙi karɓar wasu ayyukan Gustave Courbet (1819–1877), sai ya kafa tasa rumfar ya kira ta rumfar zahiri. Kafin nan ya zana jana'izar wani mutum a garinsu Ornans a kan ƙyalle mai faɗin sama da mita 6, girman da a lokacin ake keɓe wa sarakuna da yaƙe-yaƙe. Talakawan gari ya jera a ciki, da fuskokinsu yadda suke, bai gyara kowa ba.

Daga baya kyamara ta karɓe aikin kamanta mutum, masu zane da yawa suka juya ga launi da siffofin da ba sa kwaikwayon komai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wannan salon ya mamaye New York a hannun irin su Jackson Pollock da Mark Rothko, har mai zana itace ko fuska ya zama kamar wanda aka bari a baya. Duk da haka wasu ba su gusa ba. Edward Hopper (1882–1967) ya ci gaba da zana ɗakunan otal da shagunan dare. Andrew Wyeth (1917–2009) kuwa kusan duk rayuwarsa wurare biyu ya zana, Chadds Ford a jihar Pennsylvania da Cushing a jihar Maine, da fentin da ake kwaɓawa da gwaiduwar ƙwai, mai saurin bushewa, wanda sai an bi shi siriri-siriri. Zanensa na 1948, Duniyar Christina, na wata maƙwabciyarsa ce da ciwo ya hana ta tafiya, tana jan jiki a cikin ciyawa tana hangen gidansu a kan tudu. Jama'a sun ƙaunace shi, masu sharhi da dama sun daɗe suna raina shi.

A ƙarshen shekarun 1960 sabon jini ya dawo ga siffa da ƙarfi, kuma tun daga nan hanya ta rabu biyu.

Masu zana abin da ke gabansu

Philip Pearlstein (1924–2022), ɗan Pittsburgh da ya koma New York a 1949 tare da abokin karatunsa Andy Warhol, da zane marar siffa ya fara. A farkon shekarun 1960 ya koma zana mutane babu tufafi a ɗakin aikinsa, ƙarƙashin hasken lantarki mai kaifi. Ba ya ƙawata su, ba ya ba da labari da su. Sau da yawa ma gefen ƙyallen yakan yanke kai ko ƙafa, domin daga inda ya fara yake bin jiki har inda fili ya ƙare. Ya koyar a Kwalejin Brooklyn shekaru masu yawa.

A Landan akwai Lucian Freud (1922–2011), jikan masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud. An haifi Lucian a Berlin, iyayensa suka kawo shi Ingila a 1933. Zanensa na ƙuruciya sumul ne, da siririn burushi. A shekarun 1950 ya daina zane a zaune, ya miƙe tsaye, ya ɗauki burushi mai kaushin gashi, daga baya kuma ya riƙi farin fentin dalma mai nauyi wanda ke sa fatar mutum ta yi tudu da kwari a kan ƙyalle. Wanda Freud zai zana sai ya shirya zaman watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana dawowa ana maimaita zama ɗaya. Ko Sarauniya Elizabeth ta Biyu bai sassauta mata ba: ɗan ƙaramin zanen da ya kammala mata a 2001 ya tayar da ƙura a jaridun Birtaniya saboda yadda ya nuna tsufa ƙarara. A 2008 an sayar da zanensa na 1995 na wata ma'aikaciyar gwamnati tana barci a kan kujera a kan dala miliyan 33.6, farashin da a lokacin ba a taɓa biya wa aikin mai zanen da ke raye ba a gwanjo.

Idan ana maganar haƙuri kuwa, Antonio López García ne a gaba. An haife shi a Tomelloso ta ƙasar Sifaniya a 1936, ya fara koyo a wurin kawunsa Antonio López Torres, ya yi karatu a makarantar San Fernando a Madrid. Zanensa na titin Gran Vía da ke Madrid ya ɗauke shi daga 1974 zuwa 1981, domin hasken asubahin bazara yake nema, wanda ba ya jimawa. In rana ta ɗaga sai ya naɗe kayansa ya jira gobe, in bazara ta wuce ya jira baɗi. Hangen Madrid daga hasumiyar 'yan kwana-kwana ta Vallecas ya fara shi a 1990 bai ajiye ba sai 2006, birnin yana ta girma a gabansa yana binsa da gyara. Zanen iyalin Sarki Juan Carlos ya ci shekara 20, daga 1994 zuwa 2014. Amma wanda ke son sanin ƙarfin López, ya duba ƙananan abubuwan da ya zana: wurin wanke hannu da madubi, bayan gida, firji a buɗe. Babu abin da yake ganin ya yi ƙanƙanta da a tsaya a dube shi da kyau, kuma a nan ne aikinsa ya fi taɓa zuciya. A irin waɗannan zane-zane ana ganin alamomin awo da fensir da ya bari bai goge ba, kamar yadda Euan Uglow (1932–2000) yake bari a nasa a Landan.

Masu aiki da hoton kyamara

Ɗaya reshen ya rungumi kyamara ne maimakon ya yi adawa da ita. Dillalin zane Louis K. Meisel ne ya raɗa wa salon suna Photorealism a 1969, ma'anarsa zahiri irin na hoto, kuma babban baje kolin Documenta na 1972 a Kassel ta Jamus ya fito da shi idon duniya. Richard Estes, haifaffen 1932, wanda ya fara da zanen tallace-tallace, ya shahara da gilasan shagunan New York, inda ake ganin cikin shago da inuwar titi a lokaci guda. Yakan haɗa hotuna da yawa ya fitar da zane ɗaya, shi ya sa komai a aikinsa yake da kaifi, na kusa da na nesa, abin da kyamara ɗaya ba ta iya yi. Ralph Goings ya zana motocin a-kori-kura da teburan gidajen abinci. Audrey Flack (1931–2024) ta yi amfani da na'urar fesa fenti wajen zana kayan ado, kyandir da ƙoƙon kai, tana tuna wa mai kallo mutuwa.

Chuck Close (1940–2021) yakan raba hoton fuska zuwa ƙananan murabba'ai, ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya a kan ƙaton ƙyalle. Zanen fuskarsa na 1967–1968, mai tsayin kusan mita 3, da baƙin fenti kaɗai ya yi shi. A Disambar 1988 wata jijiyar jini a lakarsa ta samu matsala, jikinsa ya shanye. Ya ci gaba da aiki daga keken guragu, burushi ɗaure a hannunsa, murabba'an suka zama zobba-zobban launi waɗanda sai an ja da baya suke haɗuwa su zama fuska.

Komawa koyon gargajiya

Da yawancin jami'o'i suka rage koyar da zana siffa, sai ƙananan makarantu masu zaman kansu suka cike gurbin. An kafa New York Academy of Art a 1982, Daniel Graves ya buɗe Florence Academy of Art a Italiya a 1991, Jacob Collins kuma ya kafa makarantar Grand Central a New York. Tsarin irin na ƙarni na 19 ne: ɗalibi ya fara da kwafar zanen koyarwa na Charles Bargue, ya wuce zana mutum-mutumin farar ƙasa da gawayi, sannan mutum mai rai, launi sai can daga baya. Ana yaye ɗalibai masu hannu ƙwarai. Matsalar ita ce ayyukansu sukan yi kama da juna, kuma ba kowa ke iya fita daga inuwar malaminsa ba.

Wa ake zanawa

Tambayar da Courbet ya tayar, wato wa ya cancanci babban ƙyalle, ba ta mutu ba. A ƙasar Sin, Luo Zhongli ya zana fuskar wani tsohon manomi riƙe da kwano a 1980, ya kira zanen Uba, ya yi shi da tsayin sama da mita 2, girman da aka saba gani a hotunan shugabanni. A Amurka, Kehinde Wiley, haifaffen Los Angeles a 1977 wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, yana tsayar da matasa baƙaƙen fata irin tsayuwar sarakunan Turai a tsofaffin zane-zane, furanni kewaye da su. Shi ya zana Barack Obama, Amy Sherald kuma, mai zana fatar baƙaƙe da launin toka, ta zana Michelle Obama. An buɗe zanen biyu a Washington a 2018. A wannan shekarar aka sayar da wani zanen Jenny Saville ta Birtaniya, mai zana manya-manyan jikunan mata, a kan fam miliyan 9.5. Claudio Bravo (1936–2011), ɗan Chile da ya zauna a Maroko tun 1972, shi kuma ƙunshin takarda ɗaure da igiya ya mayar abin kallo.

Yadda ake kallon irin wannan zane

Yabon da aka fi yi wa mai zanen zahiri shi ne a ce aikinsa kamar hoto, kuma wannan yabo ne da bai kai ba. Kamanni ƙofa ce kawai. Abin dubawa shi ne zaɓin da mai zane ya yi: me ya saka, me ya bari, ina ya tsaya, daga ina haske ke shigowa. Masu wannan sana'a sukan ce daidaiton haske da duhu ya fi launi muhimmanci, kuma gaskiya ne. In aka kuskure shi, komai kyan launi fuska ba za ta zauna ba. Sai kuma gefuna: gwani yakan ƙarfafa gefen da yake son ido ya sauka a kai, ya bar wani ya narke cikin inuwa. Wanda bai ƙware ba yakan ba kowane gashi da kowane maɓalli kulawa iri ɗaya, sai zanen ya daskare.

Ya kamata a kalli zanen sau biyu, daga nesa sannan daga kusa. Daga nesa Freud fata ce da tsoka, daga kusa fenti ne da aka murɗa aka tara. Estes da ake zaton sumul ne, in aka matso sai a tarar da sawun burushi a sake, ya taƙaita abubuwa da yawa. Wannan duk ba ya fitowa a fuskar waya, inda zane mai mita 3 da mai taƙi ɗaya suke zama girma ɗaya. Shi ya sa intanet ta fi ɗaukaka masu kwafar hoto gashi-da-gashi, alhali aikin da aka gina da kallo na tsawon watanni sai an tsaya gabansa ake gane nauyinsa.

Sana'ar da kasuwarta

Aikin yana da jinkiri, mai yinsa ba ya fitar da zane da yawa a shekara, gidajen sayar da zane kuma galibi kusan rabin kuɗin suke ɗauka. Saboda haka da yawa suna dogara da koyarwa ko zanen fuskar da aka ba su kwangila. Gasa ma hanya ce: Sherald ta fito fili ne bayan ta lashe gasar Outwin Boochever a Washington a 2016, gasar zanen fuska ta National Portrait Gallery da ke Landan kuma tun 1980 take fito da sababbin hannu. An kuma samu gidajen adana zane-zane da suka keɓe kansu ga wannan fanni, kamar gidan Hoki a Chiba ta Japan da aka buɗe a 2010, da MEAM a Barcelona a 2011.

Masu suka suna cewa gwaninta ce kawai babu tunani, ko kuma kewar zamanin da ya wuce. Sukar tana kama wasu, musamman masu kwafar hoto ba tare da sun ƙara komai ba, amma ba ta kama López ko Freud. Illarta ita ce ta jinkirta martabar mutanen da suka cancanta, mata musamman. Isabel Quintanilla (1938–2017), ɗaya daga masu zanen zahiri na Madrid, wadda ta zana kofin gilashi, keken ɗinki da fitilar tebur da natsuwar da ba ta gaza ta kowa ba, a Jamus ta fi samun masu sayen aikinta. Sai a 2024, shekara 7 bayan rasuwarta, gidan Thyssen-Bornemisza na Madrid ya shirya mata baje koli nata ita kaɗai, karo na farko da ya yi wa wata mai zane 'yar Sifaniya haka.