Ba Daumier ne ya fara mayar da kan sarki fiya ba

Masu sha'awar zanen barkwanci na Faransa sun daɗe suna cewa Honoré Daumier ne ya ƙirƙiro zanen da ya mayar da kan Sarki Louis-Philippe 'ya'yan fiya irin ta Turai, mai tsinin sama da faɗin ƙasa. Ba haka ba ne. Charles Philipon ne, mai jaridar La Caricature, wanda Daumier yake yi wa aiki.

A watan Nuwamba na 1831 aka gurfanar da Philipon a kotu a Paris kan wani zane da ya nuna sarki a matsayin magini yana shafe da yaɓe alkawuran juyin juya halin 1830, wanda ya kawo shi mulki. Don kare kansa, sai ya zana fuskoki huɗu. Ta farko sarki ne sak, da kumatunsa masu nauyi da tulin gashi a ka. Kowace fuska tana ɗan sauyawa, har ta huɗu ta zama fiya zalla. Hujjarsa ita ce, in kamanni laifi ne, to sai a hukunta duk wanda ya zana fiya. Alƙalai ba su saurare shi ba, suka yanke masa wata shida da tarar faran 2,000.

Zanen ya bazu har a bangayen Paris. Daumier ya ɗauke shi ya ƙawata da gwaninta, shi ya sa sunansa ya danne na Philipon, abin da ke damuna. Shi kansa Daumier an ɗaure shi a 1832, amma kan wani zane daban mai suna Gargantua.