Idan Murhun Gas Ya Ƙi Kamawa, A Fara Da Rufe Makunni

A 'yan shekarun nan murhun gas ya shiga gidaje da dama a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim da Taura, saboda itace ya yi tsada, kananzir kuma ya fi ƙarfin talaka, har ta kai da wuya a jera wa amarya kayan ɗaki ba a sa mata ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko kilo 6 ba. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina farin ciki da wannan sauyi, domin na daɗe ina ganin abin da hayaƙin itace da kara ke yi wa idanun iyayenmu mata da ƙirjin yaran da ke goye a bayansu. Sai dai tare da gas ɗin mun fara ganin wata irin ƙuna da ba mu saba da ita ba, wadda ke kama fuska da bayan hannu, kuma idan aka bi diddigi sai a tarar ta faro ne daga murhun da ya ƙi kamawa.

Bara da hunturu aka kawo mana wata amarya da sassafe, gashin girarta ya babbake, bayan hannunta na dama ya yi bororo. Da muka gama wanke ciwon na ce mata, "Ƙanwata, yaya aka yi?" Ta ce ta murɗa makunni ne za ta dama koko, ya yi ƙas-ƙas bai kama ba, sai ta bar shi a buɗe ta tafi ɗakin uwar mijinta karɓo ashana, tana dawowa ta ƙyasta, wuta ta tashi mata gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, ƙofar madafin a buɗe take.

Abin da ya faru da ita yana da dalili. Gas na girki ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya fita bai ci wuta ba, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin tebur da kusurwar ɗaki, yana jiran tartsatsi. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya gargaɗe mu. Don haka, 'yan'uwa, duk lokacin da kuka murɗa makunni kuka ƙirga ɗaya zuwa biyar wuta ba ta kama ba, ku mayar da shi ku rufe, ku buɗe ƙofa da taga, ku jira har warin ya ɓace kafin ku sake gwadawa. Mai amfani da ashana kuwa ta fara ƙyastawa ta kai wutar bakin murhu, sannan ta buɗe gas a hankali, ba a buɗe gas a tafi neman wuta.

Bayan an rufe, sai a nemi dalilin ƙin kamawar. A fara da mafi sauƙi: a ɗaga tukunya a ji ko da saura a ciki, a duba ko kan da ke daidaita fitar gas, wanda masu sayarwa ke kira regileta, ya zauna daram kuma an buɗe shi, a bi tiyo da ido ko ya lanƙwashe ko an ɗora masa buhu. Idan yanzu aka sauya tukunya, iskar da ta shiga tiyo kan sa wuta ta ɗan yi jinkiri a karon farko.

Amma mafi yawan murahun da na duba a gidaje, datti ne ke damun su. Girkinmu mai tafasowa ne: ruɗen tuwo, kunu, miyar kuka, ruwan wake, duk sukan zubo su bushe a kan murhu, su toshe ƙananan kafofin da wuta ke fita, musamman kafar da ke daf da tsinken tartsatsi, wato ɗan ƙarfen da ke kunna wutar, wadda ita ce ke fara karɓar wuta ta raba wa sauran. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da maiƙo ta zama kamar laka. Na taɓa cire kan wani murhu da aka ajiye tun kafin damina, na tarar zanzaro ya yi gini a cikin bututun da gas ke haɗuwa da iska, ya toshe shi ruf, ga mai gidan har ya yanke shawarar kai murhun kasuwa ya sayar a matsayin wanda ya mutu. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. A kashe gas daga tukunya, a bari murhu ya huce, a cire hular, wato faifan da ke rufe kan murhun, da kan shi kansa, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohon burushin haƙori, a bi kafofin da siririyar waya. Kada a yi amfani da tsinken tsintsiya ko na sakace, domin yakan karye a ciki. Sannan a shanya su a rana su bushe ƙarau, saboda danshi kaɗan yana hana tartsatsi tsallakawa, shi ya sa murhu kan ƙi kamawa bayan an wanke shi ko da safiyar damina. Wajen mayarwa a tabbata hular ta zauna daidai ba ta karkace ba; hular da ta karkace tana sa wuta ta kama gefe guda ko ta ƙi kamawa sam.

Sai maganar tartsatsin kansa. A gefen kan murhu akwai ɗan farin tangaran da tsinken ƙarfe a bakinsa, daga nan tartsatsi ke tsallakawa. A kashe gas daga tukunya, a rage hasken ɗaki, a murɗa makunni a duba. Idan ana jin ƙas amma ba a ganin shuɗin tartsatsi, ko dai maiƙo ya rufe tsinken, sai a goge shi da busasshen ƙyalle, ko tangaran ɗin ya tsage, ko ɓera ya ci wayar da ke ƙarƙashi. Murhun da ke yin ƙas-ƙas-ƙas a jere yawanci da batir yake aiki, kuma batirin yana ƙasa ko bayan murhun, mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Idan ƙarar ta yi sanyi ko ta yi nisa tsakani, batir ne ya ƙare. Murhun da tartsatsinsa ya mutu bai lalace ba, ana iya ci gaba da kunna shi da ashana ko doguwar laita har a samu mai gyara.

Akwai iyakar da nake roƙon kada a ƙetare ta. A ƙarƙashin kan murhu akwai wata 'yar kafa ta tagulla, siririya ƙwarai, wadda gas ke fitowa ta cikinta, kuma an auna faɗinta ne tun daga masana'anta. Wasu magidanta kan sa allura ko ƙusa su buɗa ta wai don wuta ta ƙara ƙarfi, sakamakon kuwa shi ne wuta mai launin rawaya, mai baƙanta tukunyar girki, mai cin gas, wadda kuma ke fitar da iska mai guba da ba ta da wari ko launi, mai sa ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum a rufaffen ɗaki. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce. Haka nan kada a kwance regileta ko makunni da sunan gyara, kada a ɗaure tsagaggen tiyo da roba ko leda, a sayi sabo na gas tare da maɗaurinsa na ƙarfe. Mai zargin yoyo ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa, idan ta yi ƙwai to gas na fita. Ba a gwada yoyo da ashana, ba a kuma taɓa makunnin lantarki ko kunna tocila a ɗakin da ke warin gas.

Idan tsautsayi ya riga ya auku, a kashe gas daga tukunya in ana iya kai hannu, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar na minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja ko tawada, domin mu ne za mu sha wahalar kankare su, majinyaci kuma ya sha zafi sau biyu. A rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a fasa bororon, a kawo mana shi nan take, musamman idan ƙunar ta taɓa fuska ko hannu, ko kuma ƙaramin yaro ne.